Ɗigon Baƙin Shewanta Bai

Duk yaron da aka haifa a layin masaƙa na Solapur a ƙasar Indiya, kafin ya san sunansa ya san ɗan yatsan Shewanta Bai. Aikinta ke nan tun tana amarya: ta kunna fitilar man zurma, ta kifa farantin tagulla a kai, ta kankare baƙin hayaƙin ta kwaɓa da man shanu. Da shi take ɗiga wa jarirai baƙi a kunci, don in mai mugun ido ya zo yaba kyan yaro, idon ya yi tuntuɓe da ɗigon ya wuce. Ta san duk matar da kallonta ke tsinka madara a layin nan, kuma ba ta jin nauyin faɗa mata a gaban jama'a.

Jikarta Ketaki, mai kiranta Aji, wato kaka, a hannunta ta tashi, don uwar kullum tana masaƙa. Yarinya ta yi ta tsawo kamar rake, kakar tana cewa wannan sai dai share yanar gizo a rufin ɗaki. Ashe akwai inda ake neman irinta. Ta tafi birni karatu, ta shiga gasar sarauniyar kyau, ta cinye ta ƙasa, aka ce yanzu za ta kara da 'yan matan duniya a Mumbai.

Da Ketaki ta kira waya, Shewanta na murza gurasar dawa, sai tsohuwa ta tsare ta da tambaya.

"To in kun taru, me kuke yi?"

"Tafiya muke yi, Aji, a kalle mu."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga nan zuwa can, mu dawo."

"Ba ku ɗauko komai ba? To su wa ke kallon?"

"Duk duniya, ta talabijin."

Gurasar ta ƙone a kan kasko. Idon maƙwabciya guda ya taɓa kwantar da yarinyar nan da zazzaɓi har ta rame, yanzu kuma idon duniya kakaf za a sakar mata, fuska ba ko ɗigo? Tsohuwa ta ƙulle gwangwanin baƙinta a bakin sari, zanen da ta ɗaura, ta hau jirgin ƙasa.

Ranar gasar da hantsi aka bar dangi su leƙa ɗakin kwalliya. Shewanta ta tsaya bakin ƙofa, har ta manta abin da ya kawo ta. Ga farare kamar ba su da jini, ga baƙaƙe masu sheƙi, ga wata da gashi ja kamar garin barkono, duk an jera su gaban madubi ana shafe su. Ta taɓa gashin wata don ta ji ko na gaske ne. Ta leƙa farantin wata ta ga ganye zalla, ta ce wa Ketaki, "Wannan azumi take ko akuya ce?"

"Aji, don Allah rufa mini asiri."

Tsohuwa ta kwance gwangwani. Ketaki ta janye fuska.

"Aji, kallo na zo a yi mini. In ya zama dole, sa mini a tafin ƙafa."

"A tafin ƙafa! Idon mutane a ƙasa yake rarrafe, sarauniya? Abin da ba a gani ba, wa zai yi tuntuɓe da shi?"

Mai kwalliyar, wani siririn mutum mai suna Dilshad, ya sa baki. "Aji, fuskar nan tun asuba nake aikinta. Kada ki ɓata mini."

"Ni kuwa tun ranar da aka haife ta nake aikinta, ɗan nan. Matsa."

Bai matsa ba, Ketaki kuma ta kau da kai, idonta ya kawo ruwa. Shewanta ta tsaya da baƙi a yatsa, ta rasa inda za ta kai shi. Tana cikin waige-waige sai ta hango wata doguwa daga Brazil da ɗigo baƙi a saman leɓe. Ta matsa ta ƙura masa ido.

"Tambaye ta, kakarta ce ta sa mata?"

Ketaki ta tambaya da Turanci, doguwar ta ƙyalƙyale da dariya ta nuna fensir. Ita ta zana abinta, wai ado ne.

Shewanta ta juyo kan Dilshad. "Na fensir ado, nawa ɓarna?" Kafin ya haɗa amsa ta riga ta dangwala wa jikarta a gefen leɓe. Ya ɗauko auduga zai goge, ya ja baya ya karkata kai, ya sake kallo, sai ya ajiye audugar.

Ketaki ta yi tafiyarta daga nan zuwa can, ta dawo. Kambin dai wata ce ta ɗauka, amma washegari hotonta ya cika wayoyi, kowa zancen ɗigon yake yi.

Wannan ya dami Shewanta a jirgi. Abin da aka sa don ya rage kyau, in shi ake yabawa, ya yi aiki ko bai yi ba? Ta kasa ta tsare da Ketaki ta zo gida hutu, tana taɓa mata goshi safe da yamma. Zazzaɓi bai zo ba. Yarinya ta zauna a ƙasa ta tashi da gurasa da miyar gauta har tana siɗe yatsa. A nan tsohuwa ta yanke nata hukuncin: idon duniya a kan baƙin hayaƙi ya sauka, can ya maƙale.

Yanzu 'yan matan layi har layi suke yi a ƙofarta, kowa na nuna gefen leɓe. Tana duban fuska tukuna. Wasu ta ɗiga musu, wasu kuwa ta rufe gwangwani ta ce, "Ke je ki abinki, ba idon da zai kama ki."