Alkamar da na tuge a Lyon

Ko tsufa ya kwashe mini tunani kaf, ba na jin zai iya kwashe abin da na aikata a wata gonar gwaji a bayan garin Lyon. Lokacin ina karatun aikin gona, ina kwana a ɗakin ɗalibai a Villeurbanne, dab da Lyon, kuma shekarar ƙarshe ce. Sai na rubuta bincike a kan alkamar hunturu kafin a ba ni takardar kammalawa. In babu binciken, haka zan koma Maradi hannu rabbana bayan shekara biyu.

Ni kuwa a lokacin ji nake babu wanda zai koya mini gona. A cikin hatsi na tashi, har dariya nake a raina da na ga Turawa suna shuka lokacin da sanyi ke shigowa. Malamar da ke duba aikina, wata dattijuwa mai saurin magana, ta ba ni ƙananan layuka goma sha biyu, kowanne da irinsa da ɗan allonsa. Da alkamar ta fito, sai na ga rabi ta miƙe tsaye gwanin sha'awa, rabi kuma ta baje a ƙasa kamar tabarma.

Ana nan sai malamar ta tafi taro Paris, ta ce in cire ciyawa kafin ta dawo. Na cire tas. Daga nan sai gwaninta ta motsa. A wurinmu in an zo cira, mai ƙarfi ake bari, a tuge raunana. Na dubi kwantattun nan, na yanke musu hukuncin ciwo, na bi layi shida na tuge su ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar waƙata. Sai dai hannuna ya kasa zubarwa, domin mahaifiyata ba ta taɓa yar da abin da aka cira ba, dasawa take a inda shuka ta yi giɓi. Na kwashe su na dasa a wani fili bayan ɗakin ajiya, kowane layi da allonsa, na ba su ruwa.

Ranar da ta dawo, na tare ta ina washe baki. Ta dubi layukan, ta dube ni, ta dafe kai da hannu biyu.

"Ina masu kwanciyar?"

"Ba su da lafiya, Madam, na rage su."

"Lafiyarsu ƙalau! Haka halittarsu take. Galibi irin da ke kwanciya shi ke jure sanyi. Zuciyarsa na manne da ƙasa, iska ta wuce ta samansa, ƙanƙara ta lulluɓe shi. Aikinka duka shi ne ka gwada su da na tsaye. Yanzu da me za ka gwada?"

Duk sanyin nan sai da gumi ya karyo mini. Na tuna mahaifina da ya riga ya gaya wa duk garinmu ɗansa zai dawo injiniya. Da ƙyar na ce mata ban dai zubar ba. Na ja ta bayan ɗakin ajiya, ta durƙusa tana karanta allunan, can sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce dashe ya ɓata tsarin gwajin, kuma dole in rubuta ɓarnata da hannuna a cikin binciken, amma in sun rayu akwai abin faɗa.

Ƙarshen makon na hau jirgin ƙasa zuwa Montreuil da ke gefen Paris, wajen kawuna, wai ko zan samu mai lallashi. Ashe na kai kaina. Da na ba shi labari, ya bari sai da abokansa suka taru a kan shinkafa, sannan ya ce, "Ku gane mini babban injiniya! Tun daga Maradi ya zo ya yi ma Nasara cira. Kai ɗana, mi ya kai ka? Bon, shi ke nan, ci abinci, alkama ba ta riƙo."

Wata biyu kullum sai na leƙa bayan ɗakin nan kamar mai jinya. Sannan aka yi wani sanyi mai shiga ƙashi, ƙanƙara ta rufe gonar. Da ta narke, 'yan gaban goshina masu tsayuwa, layi huɗu cikin shida sun ƙone ƙurmus. Waɗanda na tuge kuwa, layi biyar suna nan kore shar, suna ta toho. Na tsaya cikin taɓo ina ta hamdala, daɗi ya cika ni har na kira kawu ina ihu. Ya ce, "To, ka ba su haƙuri ko?"

Na samu takardata, da shafi guda cur na tonon asirin kaina a ciki. Tun daga ranar, in na shiga gonar da ba tamu ba, tambaya nake kafin in miƙa hannu, kuma na daina ɗaukar duk abin da na gani a kwance a matsayin marar lafiya. Ilimin gida ne ya jefa ni, shi ne kuma ya fisshe ni. Da na ba mahaifiyata labari, cewa kawai ta yi, "Da ka zubar, da ni zan fara dukanka kafin Baturiyar."