Sawun Kurciya a Diddigen Takalmi

Har yau in na ji warin bagaruwar jima, zauren kakana a Birni nake tunawa. Baduku ne, takalma yake ɗinkawa da jar fata. Duk takalmin da ya gama, sai ya ɗumama wani ɗan ƙarfe a garwashi ya danna a diddigen. Alamar ƴar mitsitsiya ce, kamar sawun kurciya. Ina yarinya lokacin, saura ƴan shekaru ƙasar nan ta samu ƴancin kai.

Kakana ba ya zuwa kasuwa. Wani maƙwabcinmu ne ke ɗora takalman a jaki ya kai kasuwannin Tirmini da Dakusa. Sun daɗe tare, kwano ɗaya suke cin tuwo. Daga baya ya nemi a riƙa aikin da sauri, da fata mai araha. Kakana ya ƙi, suka rabu.

Wata shekara bayan an cire gyaɗa, wani manomi ya yi sallama riƙe da tsinkakken takalmi. "Malam, kasuwa uku kawai na ci da shi," in ji shi.

Kakana ya juya takalmin. Kurciyar tana nan, amma ɗinkin ba nasa ba ne. Ya sa aka kawo wa baƙon fura, ya farke takalmin ya sake ɗinke shi, ko tamma bai karɓa ba. Kakata ta yi ta faɗa daga cikin gida, don me zai gyara ɓarnar wani. Ya ce, "Sunana ya saya."

Ashe maƙwabcin ya sa an ƙera masa irin ƙarfen, yana bugawa a aikin wasu. Magana ta kai gaban sarkin dukawa. Mata ba sa zuwa wurin, babana ne ya ba mu labari. Maƙwabcin ya zo da takardar fatanti da aka ba shi a biro, ofishin hukuma, ya ce, "Wa ya san kurciyar nan a ƙauye kafin ni? Ƙafata ce ta kai ta, shi yana zaune a inuwa." In za a faɗi gaskiya, bai yi ƙarya ba.

Aka kira malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta takardar. Izinin ciniki ne kawai, babu zancen kurciya a ciki. Sarkin dukawa ya miƙa wa mutumin fata da basilla ya ce ya ɗinka a gani. Mutumin ya kasa, don bai iya ɗinki ba. Ran nan aka mayar da ƙarfensa maƙera aka buge.

Kakana ya yi nasara, amma mutanen ƙauye sun riga sun daina yarda da alamar. Damina biyu takalma suna jibge. Dole da tsufansa ya hau jaki ya riƙa zuwa Tirmini, yana ɗinki a gaban jama'a har suka dawo. Shi da maƙwabcin sun ci gaba da gaisawa, cin tuwo tare dai bai sake faruwa ba.

Yanzu takalman roba ne a kasuwa, kowanne da sunan kamfani, mai tebur da bakinsa zai ce maka wannan na asali ne, wancan na jabu, ka zaɓa. Kwanan baya na je saya wa jikata, na tambayi yaron da ke sayarwa wa ya yi takalmin. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wa ya sani?"