Ranar da Sarmidi Ya Hau Kelud da Tukunyar Mutane

Ranar sadakar bakwai ta Kang Sarmidi, wato Yaya Sarmidi a yarenmu, mutanen layinmu sun cika tabarmi har bakin hanya. Bayan addu'a, Pak Rokim, wato Baba Rokim, wanda ya fi kowa gida da tumbi a unguwar, ya gyara murya ya ce mamacin mutum ne da bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Kowa ya gyaɗa kai, baki cike da shinkafa. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai ƙara ba shi ne, duk waɗanda ke zaune a wurin sun san da haka tun yana raye, kuma babu wanda ya bar halin ya tafi a banza.

Ni ne Dulkamid mai aski. Rumfata tana jingine da tasa a titin da ke zuwa tashar jirgin ƙasa ta Jombang, garinmu a tsibirin Jawa. Shi yana facin taya, ni ina sauke gashi, tun lokacin da mu ma muke da namu gashin. Ɗan siriri ne gajere, hannuwansa baƙi ƙirin da gam. Idan tayarka ta fashe ka turo masa babur, sai ya yi ta ba ka haƙuri kamar shi ya dasa ƙusar. Na so shi fiye da 'yan'uwana na jini, kuma babu ranar da bai ba ni haushi ba.

Shekarar da dutsen Kelud ya yi aman wuta, mun wayi gari toka ta rufe komai, har cikin tukwane. Kowa yana tsinuwa yana shara. Sarmidi ya sauko daga kan rufin ɗakinsa fari fat kamar an tsoma shi a gari, ya tsaya yana duban kudu.

"Dul," ya ce da ni, "babba ya tako har kan rufin ɗakina. Rashin ladabi ne ban je na gaishe shi ba."

Na ɗauka wasa yake. Ashe daga ranar ya ƙulla abin a ransa: zai hau Kelud da ƙafarsa, ya leƙa bakin da tokar ta fito.

Hanya mai sauƙi tana nan. Duk shekara Pak Rokim yana ɗauko babbar mota ya kwashi unguwa zuwa Kelud yawon buɗe ido, kowa da riga iri ɗaya mai ɗauke da sunan shagonsa a baya, lasifika tana ihu tun daga fita har dawowa. Duk shekara yana gayyatar Sarmidi, shi kuma yana cewa "To, Pak, in Allah ya yarda," sai ranar tafiya ciwon ciki ya kama shi. Ni kaɗai yake gaya wa gaskiya.

"A loda ni kamar buhu, a sauke ni, a ce in yi murmushi, a mayar da ni? Ni jirgi zan hau. In je da kaina, in dawo a ranar. Tayoyin Jombang ba sa hutu."

Shekaru ya yi yana shirin tafiyar yini guda. Duk wanda ya kawo faci da lambar Kediri a babur, wato garin da ke kusa da dutsen, sai ya sha tambayoyi kafin a ba shi tayarsa: ina ake samun acaɓa, ina kwalta ta ƙare, akwai masallaci a hanya? Ya san jirgin safe da na yamma kamar 'ya'yansa. Ya sayi takalman gwanjo da suka fi ƙafarsa, ya cusa musu yankan tsohon tubu. Da yamma sai ya je matakalar bayan kasuwa ya yi ta hawa da sauka, mata masu sayar da ganye suna tambayarsa me ya ɓace masa. Matarsa Yu Warsiti ta ce da a ce ya yi wa aurensu rabin wannan shiri, da yanzu suna da bene.

Da ya sa rana, ya ce in raka shi. Sannan ya yi abin da kowane ɗan mutunci yake yi a wajenmu kafin tafiya: ya bi gida gida yana sallama da neman a yafe masa. Na ce, "Kang, Kediri za ka, ba Makka ba." Ya ce yaya za a yi a ji ya bar gari kamar ɓarawo.

Gidan farko, matar gidan ta ce, "Kediri? Ikon Allah. Ɗan saƙo ne kawai, ba nauyi." Gida na biyu ma ɗan saƙo ne, ba nauyi. Ashe duk layinmu babu wanda ba shi da 'ya ko suruki ko tsohon maƙwabci a Kediri, kuma duk suna cikin matsananciyar buƙatar abin da ake sayarwa a kowace kasuwa. Pak Rokim, mai motoci biyu a gareji, shi ya kawo fanka mai tsayuwa, a kai wa ƙanwarsa.

"Tunda kan hanyarka ce, Di," in ji shi.

"Kan hanyata ce, Pak," in ji Sarmidi. Bai ma san unguwar ba.

Haka muka shiga jirgi da fanka, da buhun shinkafa, da kwalaben yaji, da matashin kai na wani jariri. Wani fasinja ya tambaye mu ko gobara muka yi.

Kai saƙo kuwa ba miƙawa ba ne a juya. Sai an ce ku shigo. Sai an kawo shayi mai zafi, ku zauna kuna kallonsa har mai gida ya ce bisimilla, ku ce an gode, ya sake cewa, sannan ku kurɓa. Kafin ku kai rabin kofi an shiga kicin. A gidan ƙanwar Pak Rokim sai da muka jira aka haɗa fankar aka gwada ta, aka kira maƙwabta su ji iska. Na yi ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, yana murmushi yana karɓar ƙarin shinkafa da miyar gyaɗa. Mun ci abincin rana a gida huɗu. Da muka fito daga na ƙarshe rana ta karkata, ga Kelud can nesa bayan gonaki, shuɗi, gajimare a wuyansa. Sarmidi ya tsaya ya dube shi, takalman hawan dutse a ƙafarsa, a hannunsa jakar ayaba da aka ba shi ya kai Jombang. Domin kowane gida ya ba mu nasa saƙon na komawa.

A jirgin yamma ya zauna rungume da jakar ayabar. Ni na yi masifar, har na gaji.

Bayan haka ya daina zancen dutse. Sai numfashi ya fara yi masa wuya, yana ɗaga taya yana dafa bango. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ya rage aiki, ya guji matakala. Ya dawo daga asibiti ya zauna a kujerar askina ba tare da ya nemi aski ba.

"Dul, in ban je cikin ranin nan ba, ba zan je ba."

"Likita ya ce me?"

"Ya ce in guji matakala. Bai ambaci dutse ba."

"To, sharaɗi ɗaya. Ba sallama. Ko kazar gidanku kada ta sani."

Ya zaro ido kamar na ce ya je ya yi sata. Daga baya ya ce Yu Warsiti dai dole ta sani. Ita kuwa da ta ji, sai ta ce in ya kuskura ya gaya wa wani, ita za ta karya masa ƙafa kafin dutsen ya samu dama.

Muka fito bayan sallar asuba, muna bin gefen katanga kamar waɗanda suka ci amana. Saura gida ɗaya mu fita layin, sai ga Mbah Ponirah, wato Kaka Ponirah, tana share ƙofar gidanta. Tsohuwa ce da ta yi wa rabin unguwar wankan jego, idonta ba ya gani sosai sai abin da ba a so ta gani.

"Wa nake ji kamar Sarmidi? Ina zuwa da sassafe haka?"

Duk ɗan Jawa ya san amsar wannan tambaya. Ka ce "nan gaba kaɗan, Mbah," ka wuce, ba ka yi ƙarya ba, ba ka yi rashin kunya ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji shi a bayana, da 'yar muryarsa.

"Kediri, Mbah."

Ta jingine tsintsiya. "Tsaya nan."

Ta fito da tukunya ɗaure cikin ƙyalle, da ɗuminta. Shinkafa ce dafaffiya da madarar kwakwa, da soyayyen tempe, irin awarar wajenmu, a sama, wai ɗanta da ke can yana mafarkinta. Ta ce a kai masa da zafinta, kada a tsaya ko'ina. Sarmidi ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna.

A cikin jirgi ya ɗora tukunyar a cinya. Na ce mu cinye ta mu huta. Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Na ce mu bar ta a ƙarƙashin kujera, jirgi ya kai ta inda ya ga dama. Gonakin rake suna wucewa, yana ta shafa ƙullin ƙyallen da babban yatsa.

Muka sauka a Kediri, 'yan acaɓa suka yanyame mu. Gidan ɗan Mbah yana yamma, hayin kogi. Dutsen yana gabas. Mu duka mun san abin da ke jiranmu a hayin kogi: shayi, da bisimilla, da ƙarin shinkafa, da hotunan biki. Na riga na yanke a raina ba zan ƙara cewa uffan ba.

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Ina za a kai ku, Pak?"

Sarmidi ya dubi tukunyar ya daɗe.

"Kelud," ya ce. Sannan ya sunkuya ya ce da tukunyar, a hankali, "A yi haƙuri."

Babura suka bi da mu ta cikin gonakin abarba, hanya tana ta miƙewa sama, iska tana yin sanyi. A inda ake ajiye motoci wasu 'yan acaɓan suka ce za su ƙarasa da mu kusa da bakin dutsen. Ya ce an gode, ya taho da ƙafafunsa. Na ce ya ba ni tukunyar, ya ce shi aka ba wa amana.

Ban taɓa ganin hawan dutse irin wannan ba, kuma ba na fatan sake gani. Ya yi 'yan taku ya tsaya, ya yi 'yan taku ya tsaya, bakinsa ya yi fari, takalman suna ƙwal ƙwal a ƙafarsa. Samari da 'yan mata masu sanduna da jakunkunan baya suna wuce mu suna kallon tsoho rungume da tukunya. Wata ta tambaya ko abinci muke sayarwa. Wani ya ɗauka sadaka ce muka kawo wa dutsen, har ya rusuna mana. A wani kwana ya zauna a kan dutse ya rufe ido, na durƙusa a gabansa.

"Kang, mu koma. Ka gan shi ai."

"Ka yi shiru, Dul. Aski ka iya."

Sai ga mu a baki. Ƙasa ta yanke, ga rami mai faɗi, bangayensa tsirara babu ko ciyawa, can ƙasa ruwa kore shar a kwance, shiru kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Sarmidi ya ajiye tukunyar a kan dakalin siminti, ya cire hula, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga zaure. Ya tsaya yana kallo, hawaye suna bin kuncinsa, yana dariya.

"Duk wannan ɓarna," ya ce, "ashe ɗan tafki ne."

Muka zauna muka daɗe. Babu wanda ya kira sunansa, babu wanda ya miƙo masa komai. Tun da na san shi ban taɓa ganin hannuwansa biyu a sake haka ba.

Mun isa gidan ɗan Mbah da la'asar sakaliya. Shinkafar kwakwa ba ta jure yini a rana. Matar gidan ta buɗe tukunyar, ta mayar da murfin da sauri, ta ce mun kyauta. Kafin jirginmu ya iso Jombang labari ya riga mu ta waya.

Mbah Ponirah ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Unguwa ta ɗauka: Sarmidi ya canza, Sarmidi ya fara girman kai, an ba shi amana ya tafi yawon shan iska da ita. Mutanen da ya yi wa dako shekara da shekaru suka riƙa gaishe shi a tsaye. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya je gidanta ba da haƙuri har ya gaji, ya yi wa jikokinta facin keke kyauta, ta karɓi facin ta riƙe fushin.

Da damina ta kama ya kwanta. Ina zuwa kullum in yi masa gyaran fuska ko babu abin gyarawa. Wata rana ina shafa masa sabulu ya sake kawo zancen Mbah, cewa har yanzu ba ta yafe ba. Na tambaye shi, to, da za a mayar da mu tashar Kediri, gabas za shi ko yamma?

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya buɗe ido ɗaya.

"Gabas. Amma wannan karon da mun ci shinkafar a can sama, tun tana da kyau."

Na yi dariya har aska ta faɗi daga hannuna. Bai kai ƙarshen watan ba. Allah ya jiƙan Kang Sarmidi, ya sa ya huta.