Remei Solanilla, Wadda Ta Karanta Fatar Yadda Take

Ƙarfe bakwai da rabi na kowace safiya, Remei Solanilla takan hau benen da ke bayan babban cocin Rovells, ta buɗe ɗakin tsofaffin takardu, ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina iska. Ta ce laima hanci ke fara jin ta kafin ido ya gani. Sannan ta wanke hannu, ta ɗauko fata ɗaya mai tsohon rubutu cikin dubu da ɗari huɗu da ke ajiye, ta shimfiɗa, ta duƙufa har rana ta raba. Shekara arba'in da huɗu ke nan tana haka. Bana ta ce idonta ya gaji, za ta huta.

Mu 'yan Rovells mun san abin da muka taɓa zama. Shekara dubu baya, nan ne gidan sarautar duk wannan gindin duwatsu, nan ne kuma mazaunin bishop. Sarautar ta mutu babu magaji, bishop ya sauka birni, aka bar mana cocin da ya yi wa mu mutum ɗari biyu da muka rage yawa, da waɗannan fatun. A jikinsu aka rubuta wa aka ba wane tudu, wane ƙauye ke shayarwa a wane rafi. Marigayi Fada Aureli, limamin cocinmu, shi ne ya koya wa Remei karanta su. Tun rasuwarsa babu wanda ya iya wannan rubutu a kwarinmu sai ita.

Mutane na da labaranta da yawa. Akwai matar da ta zo daga Ajantina da rabin sunan kakanta, ta koma da sunan gidansu da na gonarsu. Akwai shekarar da rufi ya tsage, Remei ta kwashe akwati sittin ita kaɗai cikin ruwan sama. Amma ni, da na yi shekara talatin ina raba wasiƙu a garin nan, abin da ya faru a 1998 nake so in faɗa, don ina wurin, kuma ban fita da hannu mai tsabta ba.

Fari aka yi a shekarar. Ciyawa ta ƙone ko'ina sai a Pla Negre, makiyayar da ke kan dutse tsakaninmu da ƙauyen Ardanell. Mun ce tamu ce, sun ce tasu ce. Aka tsinci karen wani makiyayinmu a mace. Bayan kwana huɗu bukkar makiyayan Ardanell ta ci wuta. Bindigogin farauta suka fara hawa dutse tare da tumaki. Da magana ta kai kotu, alƙaliya ta aika wa ofishin bishop tambaya ko akwai tsohuwar shaida a rubuce. Kowa ya san amsar: babu. Jerin takardun cocin bai ambaci Pla Negre ko sau ɗaya ba.

Remei kaɗai ta san akwai. Watanni kafin rikicin, tana gyaran bangon wani littafin baftisma, ta ga ashe fatar da aka yi bangon da ita tsohuwar takarda ce aka juya. Ba ta kai ga shigar da ita jeri ba. Kuma babban yayanta, Quimet, shi ne mai garke mafi girma a Rovells.

Shi ta fara gaya wa. Ta same shi a garke da hantsi yana yanke wa rago kofato. Matarsa, wadda ta ba ni labarin, ta ce bai ko ɗago ba.

"Wa ya san da ita ban da ke?"

"Babu kowa, Yaya."

"To shekara ɗari takwas tana kwance. Bar ta ta ci gaba da barcinta."

Ta ce masa in ta ɓoye ɗaya, sauran duka sun zama shara, don ba wanda zai ƙara sanin abin da ta nuna da abin da ta danne. Ya ajiye wuƙar.

"Tumaki ɗari shida ne, Remei. Na babanmu. Da ulunsu aka kai ki makarantar da kika koyo wannan wayon."

Washegari ta rubuta wa alƙaliya.

Da yake fatar ba za ta jure tafiya ba, alƙaliyar ce ta zo. Aka zauna a zauren coci ƙarfe goma na safe, cikin zafin Yuli, mu a dama, su a hagu, 'yan sanda biyu a ƙofa suna laluben aljihun maza. Ba wanda ya san abin da ke rubuce sai Quimet, shi kuwa ya zauna a layin gaba ya harɗe hannu. Da Remei ta shigo riƙe da fatar a kan allo, wani dattijon Ardanell mai suna Ventura ya ɗaga murya.

"Ƙanwar Quimet ce za ta karanta mana? To mu kama hanyar gida tun yanzu."

"Ku kama mana," in ji wani daga ɓangarenmu, "awakinku na kewar ku."

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni ma na yi. Mun ɗauka ranarmu ce.

Ta karanta da harshen Latin, sannan ta fassara layi bi layi. A shekara ta 1187, bishop da mai sarautar ƙasa sun ba da makiyayar, daga bakin rafi har ƙololuwar dutse, ga mutanen Ardanell da 'ya'yansu har abada. Na ga wani saurayinmu ya miƙe, ɗan sanda ya matso, ubansa ya ja shi ya zauna.

Lauyanmu ya nemi ya ga fatar. Ya daɗe yana dubawa, sai ya nuna wurin da sunan ƙauyen yake, inda ninkin bango ya cinye tawada. Ya tambaye ta a hankali ko za ta iya rantsuwa cewa wannan suna ne ba wani ba. Duk mun gane ƙofar da ya buɗe mata. In ta ce ba ta da tabbas, shi ke nan, ba wanda zai kira ta maƙaryaciya. Quimet ya zuba mata ido.

"Harafi uku sun goge, biyar sun rage," in ji ta. "Ardanell ne."

Ke ce, Remei, 'yar Solanilla da ba a lanƙwasa ki, kika fita ta tsakiyarmu ranar ba wanda ya dube ki. Ke ce mai burodi ta riƙa sallamarki a ƙarshe ko da ke kika fara zuwa. Ke ce benci ya riƙa zama fili a gefenki ranar Lahadi. Ni kuwa na daina miƙa miki wasiƙa a hannu, sai in tura ta ƙasan ƙofa in wuce da sauri, har shekara uku. Kina ji na, ba ki taɓa buɗewa ki kunyata ni ba.

Quimet ya sayar da tumaki ɗari huɗu. Wannan asara ce ta gaske, ba zan rufe ta ba. Amma bindigogi sun sauko daga dutse, jinin kowa bai zuba ba. Da aka sake yin fari bayan shekara biyar, Ventura da kansa ya zo ya ce za su bar garkenmu ya hau a watan Agusta, da sharaɗin Remei ce za ta rubuta yarjejeniyar, don ita kaɗai ce a Rovells suka yarda da alƙalaminta. A bazarar da ta biyo, Quimet ya shiga gidanta ya dire cuku a kan tebur, ya ce gishiri ya yi masa yawa, ba mai iya ci sai ita. Ta ɗauko wuƙa da faranti biyu. Har ya rasu ba su tayar da zancen Pla Negre ba.

Mun gode, Remei. Ku da aka ba ajiyar wani abu, takarda ce ko magani ko 'ya'yan mutane, ku dubi matar nan. Riƙon amana a gaban baƙo ba wuya. A gaban ɗan'uwanka yana kallonka ake gane mai ita.

Ni dai ban taɓa ba ki haƙuri da bakina ba. Ga shi na rubuta, kuma wannan karon a hannunki zan sa.