Irin Waken Safara'u

Duk mai bin hanyar da ta ratsa bayan Gagarawa Tasha ya san gonar Malam Ɗantsoho, ko da bai san mai ita ba. Kunyoyinta a miƙe suke sambal, kamar da igiya aka ja su. Haka mutumin yake tun yana saurayi. In ka ɗaure akuya a gabansa, sai ya kwance ya sake ɗaurewa. In ya shiga masallaci, sai ya gyara tabarmar da ladan ya riga ya gyara. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Mai haƙurin kuwa ya samu. Safara'u sunanta. Daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar aka kawo ta, da kwanukanta, da tabarminta, da wani ƙullin wake da mahaifiyarta ta ɗaure mata a tsumma. Ƙananan ƙwayoyi ne jajaye masu farin hanci. Waken yana nuna da wuri, tun ba a fara yankan gero ba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ba ka samunsa a kasuwar Gumel, ba a kawo shi Maigatari. Da mahaifiyar ta rasu, 'yan'uwa suka koma shuka irin kasuwa, sai ya zamana a tulun Safara'u kaɗai ya rage.

Shekara talatin da huɗu aiki a rabe yake, shi ya noma, ita ta adana iri. Kowa ya san halin wake da ƙwari: ka manta da shi a buhu wata biyu, ka dawo ka tarar da gari. Maƙwabta maganin kasuwa suke zubawa. Safara'u ba ta taɓa yarda ba. Ɗoɗɗoya take tsinkowa a bayan danga, ganyen nan mai ƙamshi da ake korar sauro da hayaƙinsa. In ya bushe sai ta shimfiɗa a gindin tulu, ta zuba wake, ta sake shimfiɗa ganye, har tulu ya cika, sannan ta liƙe bakin da laka. Damina na kusantowa ta fasa, wake ya fito garau. Ɗantsoho yakan zo wucewa ya leƙa, ya ce lakar ta fi kauri a gefe guda, ya yi gaba.

Shekaru biyu ke nan da rasuwarta. Da kaka ne, bayan jinyar kwana shida, waken yana tsakar gida ko ɓare shi ba a yi ba. Ɗantsoho bai yi kuka ba. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ai Malam akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Shi dai bai ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Ya yi ta jiran baƙin cikin ya iso, bai iso ba. Yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, yana zuwa masallaci ya dawo.

Abu ɗaya ya sa a ransa, irin nan ba zai ɓata a hannunsa ba. Bayan sadakar bakwai ya ɓare waken, ya zaɓi masu kyau. Ya tsinko ɗoɗɗoya da rana tsaka, ya baza a kan rufin kwano, ya bar ta kwana uku har ta yi ƙayau ta koma ruwan ƙasa. Wannan ya yi masa daidai. Ganyen Safara'u kullum da sauran kore a jikinsa, shi kuwa a ganinsa abin da bai gama bushewa ba bai cancanci shiga tulu ba. Ya jera ganye da wake, ya liƙe baki, ya shafe lakar ta zauna daidai ta kowane gefe. Ya ajiye tulun a inda take ajiyewa.

Wata bakwai bayan haka hadari ya fara haɗuwa a gabas. 'Yarsa Amina, wadda ke koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Gumel, ta zo duba shi ran Asabar. Da hantsi ya fito da tulun tsakar gida ya fasa lakar. Wani ɗumi mai wari ya fara fitowa, sannan ƙwari suka biyo baya, suna hawa hannunsa. Ya juye tulun a kan tabarma. Gari ne da ɓawo.

Amina ta durƙusa ta ɗauki ganye ɗaya, ta murza, ta kai hanci.

"Baba, a ina ka shanya ganyen nan?"

"A kan kwano. Kwana uku."

Ta yar da ganyen, ta ce, "Babu ƙamshi a jikinsa ko kaɗan. Ƙamshin nan wani mai ne a cikin ganyen, ɗan mitsitsi, kuma shi ne ƙwarin ba sa iya zama da shi. Zafi na taɓa shi yake tashi ya bi iska. Shi ya sa Inna take tsinka da sassafe, ta shanya a ɗaki, ƙarƙashin gado."

Ƙarƙashin gado. Ya tuna. Duk kaka yakan ga ganye a baje a wurin, ya ce mata ɗaki ba bola ba ne. Ita kuma ta ce, "To, Malam," ta bar ganyenta inda yake. Bai taɓa tambayarta dalili ba, ko sau ɗaya.

"Ita ta faɗa miki haka?"

"A'a, Baba. Ni a makaranta na ji dalilin. Ita yi kawai take."

Ya gyaɗa kai. Ya so ya ji kunya, ko haushin kansa, ko wani abu dai. Sai ya samu kansa yana kaɗe ƙwari daga hannun rigarsa ɗaya bayan ɗaya.

Suka wuni suna tsince a faifai. Abin da suka samu mai sauran kama da wake bai cika tafin hannu ba, kowace ƙwaya da huji uku ko huɗu. Amina ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ko za su tsiro. Kwana biyar ya buɗe ya tarar sun yi funfuna. Sati na zagayowa ta hau mota har ƙauyen su mahaifiyarta, ta bi gida gida. Tsofaffi suka ce sun san shi sarai, jan nan mai farin hanci, wake mai daɗi, amma rabonsu da ganinsa an daɗe.

Da shuka ta zo Ɗantsoho ya shuka irin kasuwa. Damina ta yi kyau, waken ya yi 'ya'ya fiye da yadda gonar ta taɓa yi, har mutane suna tsayawa a bakin hanya suna yi masa barka. Yana amsawa da "Alhamdu lillahi."

Amina ce ta dafa na farko. Ta kawo masa a kwano da mai da yaji, ta zauna daga gefe. Ita ba ta iya ci ba, hawaye ne kawai ke zubo mata. Ya dube ta, ya dubi kwanon, ya sa hannu.

"Yaya ka ji shi, Baba?"

"Ya dahu," ya ce, ya ci gaba da ci.