Kaset ɗin Tsohuwar Tunuga

A zamanin da nake da rumfa a bakin tashar Gaya, sana'ata gyaran rediyo da rakoda ce, da kwafar kaset. Ban yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko, gyaran ma da kallo na koye shi a hannun wani mutumin Malanbil, garin da ke tsallaken iyaka. Amma a layinmu ni ne mai labari, don rediyona ba ya rasa pil, wato batir. Da safe, kafin manyan motocin Kotonu su tashi, direbobi da masu dako sukan kewaye teburin mai shayin da ke jikin rumfata, ni kuma in ƙara murya. A ji labarun Yamai, sannan a zo kan sanarwar rasuwa. A nan kowa kan yi tsit, ko cokali ba a kaɗawa, domin ta haka mutum ke jin ƙanen ubansa ya rasu a Doso tun shekaranjiya. Da an gama sai gardama ta ɓarke a kan farashin gero da halin ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito a iyaka, har rana ta ɗaga.

A lokacin, wanda ya tafi nema bakin teku kuma bai iya rubutu ba, kaset yake aikowa. Ya sami mai rakoda ya zauna ya yi ta magana, ya gaida kowa da sunansa, ya naɗe kaset ɗin a tsumma ya ba direba. Yawancinsu a rumfata ake sauke su, a rumfata kuma ake saurara.

Haka na san wata tsohuwa daga Tunuga mai sayar da bandar kifi ranar kasuwa. Dandanci ne harshenta, Hausarta ta ciniki ce kawai. Ɗanta guda ya tafi bakin teku yana aiki a jiragen masunta, ya aiko mata da kaset. Ranar da na fara sa mata, ta zauna a kan benci ta dafa rakodar da tafin hannu, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Muryarsa mai kauri ce, yana yi yana dariya. Ya tambayi gonar shinkafa, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya yi mata tsiya a kan wata akuya da ta ƙi sayarwa. A bayansa ana jin ƙugin ruwa. Da yake tana amsa masa kamar yana gabanta, mai shayi ya leƙo ya ce, "Inna, ki ce ya aiko da sukari, tunda yana jin ki."

Ta ce, "Kai ka biya kifin da ka ci tukuna, mai ruwan zafi."

Da za ta tafi sai ta miƙo mini kaset ɗin. Ta ce gidansu danshi, ga jikoki masu taɓe-taɓe, in ajiye mata. A gabanta na ɗauki tsinke na karya ƴan haƙoran roba biyu da ke saman kaset ɗin. Na nuna mata ramukan na ce, "Inna, kin gani? In an karya waɗannan, babu mai iya ɗaukar wani abu a kai. Muryarsa ta zauna ke nan." Tun daga ranar, duk ranar kasuwa in ta sayar da kifinta sai ta zo ta saurara daga farko har ƙarshe, ta ajiye mini banda ɗaya a kan tebur ta tafi neman mota. Ina da rakoda mai baki biyu, ina kwafar waƙoƙi da wa'azi safe da yamma, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in kwafa mata nata a wani kaset ba.

Sai lokacin kokawar ƙasa ya zo. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane yadda gari ke tsayawa ba. Tela ya bar keke, mahauci ya bar tukuba, kowa kunnensa na jikin rediyo. Direbobin da za su kasance a hanya ranar karon ƙarshe sukan bar mini saƙo in ɗaukar musu, su saurara in sun dawo. A wannan shekarar sababbin kaset sun ƙare mini ƙaf tun kwanaki kafin ƙarshe, kuma ranar karon, bayan la'asar, na duba akwati babu ko ɗaya. Mutane sun cika rumfa, makaɗa sun fara a cikin rediyo. Idona ya faɗa kan kaset ɗin tsohuwa. Na san a fuska ɗaya kawai ɗanta ya yi magana, ita ma bai kai ƙarshenta ba, bayan kaset ɗin fayau yake. Na ce a raina, a bayan zan ɗauka, in kwafe, ba wanda zai cutu. Na yagi takardar sukari na cusa a ramukan. Duka biyun na toshe, don ban taɓa riƙe wane rami ne na wace fuska ba.

Karon ya yi tsawo. Aka yi kirari, aka yi zagaye, aka kama aka saki. Ana cikin haka bayan kaset ya ƙare, rakoda ta yi ƙas. Wani mai dako ya ce, "Juya mana, malam, za a yi kaye kana kallon mu." Hannuna ya fitar da kaset, ya juya, ya danna jan maɓallin ɗauka, kamar yadda ya saba yi kullum. Zan iya cewa ban sani ba, kuma shekaru na yi ina faɗa wa kaina haka. Gaskiya ita ce, kafin a yi numfashi goma na tuna. Na ga zaren kaset ɗin yana juyawa, na san abin da yake ci. Yatsana yana kusa da maɓallin tsayarwa. Amma mai ba da labari ya ɗaga murya, an kama ƙafa, mutane sun miƙe tsaye, sai na ce bari a yi kayen tukuna. Ba a yi shi da wuri ba.

Da rumfa ta watse na mayar da kaset baya na saurara. Ganguna da ihu sun cinye gaisuwar, sun cinye gonar shinkafa da akuya. Can wajen ƙarshe, inda na tsayar, muryarsa ta fito tsakiyar magana. Abin da ya rage bai fi a sha kofin ruwa ba: ya ce ta gaida mutanen gida, ya ce zai zo in ruwa ya janye, ya yi tari, ya tambayi mai rakodar ko a nan ake kashewa. Shi ke nan.

Abin da na yi bayan haka ya fi na farko muni, don wannan da natsuwata na yi shi. Da na samo sababbin kaset, na kwafe kokawar na raba wa direbobi. Sannan na mayar da kaset ɗinta na goge kokawar da shiru, don kada ta ji ganga ta gane. Ranar kasuwa ta farko na ce mata rakoda ta lalace. Ta biyu na hango ta tafe, na zame ta bayan rumfa na bar mai shayi ya ce na tafi Malanbil sayen kaya. Duk da haka na dawo na tarar da banda a kan tebur.

Kafin kasuwa ta uku, direban da ya kawo kaset ɗin ya dawo da labari. Jirgin da ɗan tsohuwar ke aiki a ciki ya fita bai dawo ba, an yi kwanaki ana nema. Shi da kansa ya je Tunuga ya faɗa. Ta yi makonni ba ta zo kasuwa ba. Ban je gaisuwa ba, alhali motar Tunuga a gaban rumfata take lodi.

Ranar da ta dawo ba ta zo da kwandon kifi ba. Ta rame, ta zauna a bencin ta ce, "Ɗana, sa mini."

Na sa. Rakoda ta yi ta huci, shuuu, babu komai. Ta dafa ta da hannu tana jira. Na kasa tura zaren gaba, na kasa kallon ta, muka zauna a haka har muryar ta fito, ta faɗi ƴan kalmominta, ta yi tari, ta ɗauke.

Ta ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Inna, kaset ne. Wani lokaci haka suke yi."

"Ai kai mai gyara ne. Buɗe ka duba, ko ta maƙale a ciki."

Na ɗauki sukurdireba na kwance kaset ɗin a gabanta, na hura, na mayar na ɗaure, ina sane da cewa wasa nake yi da hankalinta. Na sake sawa. Hucin nan dai.

Sai ta ce a hankali, "Ko yawan jin da nake yi ne ya cinye ta? Ƴata ta ce in riƙa bari tana hutawa. Ban ji ba."

Mai shayi yana tsaye da buta a hannu. Yana nan ranar kokawa, ya ga kaset ɗin da na sa. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Na ce, "Yana yiwuwa, Inna."

Bai tona ni ba, amma daga ranar bai ƙara yi mini wasa ba. Shayi kawai yake miƙo mini.

Ta ci gaba da zuwa. Na ce zan riƙa kai mata zaren daidai wurin maganar, ta ƙi. Ta ce a fara daga farko, ko Allah zai sa wata rana ta dawo. Sai mu zauna muna sauraron huci, motoci na shiga suna fita, ita tana motsa baki a daidai wuraren da ta san yana tambaya, tana ba da amsa. Yau jikokina suna aika murya a waya su goge ta ba ko waiwaye. Na taɓa tambayar masu gyaran waya ko akwai na'urar da ke dawo da abin da aka goge a kaset. Suka yi dariya, ɗayansu bai ma taɓa riƙe kaset ba.

Wata ranar kasuwa, da damina ta kusa, ta ce mini kanta ya fara zubar da maganar. Ta san ya yi zancen gwiwarta, amma ta manta ko kafin shinkafa ne ko bayanta. Ta ce, "Kai ma ka ji shi sau da yawa. Faɗa mini yadda ya fara."

Dandancina na kasuwa ne, amma kunnena ya riƙe. Na gyara zama na fara da sallamarsa, na jero gaisuwar yadda ya jero, na zo kan gonar shinkafa. Ta gyara mini kalma ɗaya, ta gyara ta biyu. Na ji daɗi a raina, na ga kamar ga wata ƴar hanya da zan rage abin da na ɗauka. Har na gwada dariyarsa a wurin akuya.

Ta ɗaga hannu. Ta rufe ido ta daɗe, kamar mai neman abu a ɗaki. Sannan ta ce, "Bari, ɗana. Bari haka. Yanzu in na nemi tasa, taka nake ji."

Ta miƙe ta nemi in ba ta kaset ɗin. Na naɗe mata a tsumma ta ƙulle a bakin zane. Na raka ta har mota, gaskiyar maganar tana bakina, na buɗe baki sai na ji ina ce mata ta gaida gida. Ba ta ƙara zuwa rumfata ba. Da na yi ƙarfin halin shiga motar Tunuga, bayan damina biyu, kabarinta aka nuna mini.