Matar da Baffa Ya Sassaƙa da Haure

Ko kun san warin ƙashi idan zarto yana cin sa? Kwanan baya na tsaya wajen mahauci yana yanka ƙafar saniya da zarto, warin ya bugi hancina, sai ga ni a gidanmu na Gaya, a ƙofar ɗakin Baffa, ƙanin mahaifina.

Gidanmu gidan malamai ne. Kakanmu, wanda kowa ke kira Malam, shi ke da makarantar allo ta unguwa, kuma 'ya'yansa duk sun gaje shi ban da Baffa. Shi hannu Allah ya ba shi. Allunan makarantar duk sassaƙarsa ce. Da ya fara zuwa cin rani Kano sai ya koyo aikin hauren giwa wajen masu sayar wa Turawa kayan tarihi. Shekarar da matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, ya daina tafiya, ya kuma rage magana.

Wata damina wani dillali ya biyo shi har gida da guntun haure da hoton da aka yago daga littafi. Mace ce a tsaye cikin doguwar riga mai ninki-ninki, ta karkace ƙugu tana riƙe da yaro, irin wadda Turawa suke ajiyewa a coci tun shekaru aru-aru. Baffa ya ce min karkacewar ba yanga ba ce, lanƙwasar hauren masassaƙan suka bi. Dillalin yana son irinta sak, kuma wai ta fito a tsohuwa. Ku ji fa, a yi abu bana a ce ya girmi kakan kakanka.

In ya dawo gona sai ya turo ƙofa ya yi ta goga, har gero ya fitar da kai. Da ya gama ya jiƙa ta a baƙin shayi, ya shafe ta da man gyaɗa, ya naɗe a tsumma ya cusa a rufin madafin kakarmu Inna don hayaƙi ya dafa ta. To ruwa ya yi yawa, rufin ya fara yoyo, Inna ta hau turmi za ta toshe, hannunta ya ci karo da ƙunshi. Tana ganin siffar mutum a tsumma a saman murhunta ta saki salati, ta ce an yi wa gidan sammu. Ko mayafi ba ta nema ba ta kai wa Malam zaure, mu jikoki muna biye.

Baffa ya zo ya durƙusa ya yi bayani. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce siffa cikakkiya mai inuwa ba ta kwana a gidansa. Ko ya cire mata kai, ko ya kwashe kayansa ya bi ta. Baffa ya roƙi a bari dillalin ya zo ya ɗauke ta a yadda take, Malam ya ƙi.

A lokacin hankalin Inna ya kwanta, ta matso da fuskar kusa da idonta. Ba fuskar hoton ba ce. Ga 'yar tsaga a gefen baki, ga goshin nan da muka sani.

"Malam, wannan ai matarsa ce," ta ce a hankali.

"Na gane ta tun da na kwance tsumman," in ji Malam. Ya share ido da bakin rawaninsa. "Allah ya ji ƙanta. Cire kan."

Baffa ya ɗauko ƙaramin zartonsa ya yanke kan a gabanmu. Ni dai na yi kuka, kuma na daɗe ina jin haushin Malam. Shi ya karɓi kan ya binne a gona, bai gaya wa kowa wurin ba. Dillalin kuwa murna ya yi, wai mai karyayyen kai ta fi kama da tsohuwa, har ya nemi ƙari. Baffa ya ce ya nemi wani, ya koma sassaƙa allo da muciya har ya tsufa.

Yanzu an hana cinikin haure, masu wannan aiki ma sun ƙare. Malaman gidanmu kowa da wayarsa cike da hotunan mata da 'ya'ya, in an yi rasuwa a yi ta tura hoton mamaci ana addu'a. Matar Baffa ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Kamanninta ɗaya aka taɓa yi a duniya, kuma mijinta ne ya yi shi, shi ya yanke shi don ya ci gaba da kwana a gidan ubansa.